Shaho Ya Bi Lilon da Babu Shi

Matakala ɗari da tamanin da biyu ne tsakanin ƙasa da kujerar Shaho. Shi ya ƙirga su, don ba mai hawansu sai shi. Kullum ƙarfe bakwai saura kwata zai ɗaure hular kwano, ya rataya jakarsa mai kwanon abinci da fulas ɗin shayi da wata gora wadda ba a tambayar amfaninta, ya kama tsanin ƙarfen da ke tsakiyar injin ɗaga kaya ya yi ta hawa. In ya shiga ɗan ɗakin da ke can ƙoli ya ja ƙofa, to shi da ƙasa sai biyar na yamma. A can yake ci, a can yake salla a zaune, a can yake fushi ya huce shi kaɗai.

Ma'aikatan ginin ba sa cewa injin ɗaga kaya, ƙugiya suke ce masa, ɗakin kuma akurki. Ba su yi ƙarya ba. Kujera ɗaya ce, liba biyu na sarrafa inji dama da hagu, gilashi a gaba, gilashi a ƙarƙashin ƙafa, in mutum ya miƙe hannuwa zai taɓa bango da bango. Amma ka ce akurki a gaban Shaho ka sha amsa: “Kajin ai ku ne masu tono a ƙasa. Ni daga nan nake ƙirga ku.”

Ɗan direban babbar mota ne. Uban ya so ya gaje shi, shi kuwa tun yana ƙarami hankalinsa na sama: bishiya, katanga, tankin ruwa, har daga rufin makaranta an taɓa sauko da shi da bulala. Da ya girma ya fara da dakon siminti, ya koma ɗaure kaya a bakin ƙugiya shekara shida, sannan wani tsohon matuƙi da gwiwa ta fara ƙi masa tsani ya koya masa zaman kujera. Shekara ashirin da uku ke nan. A cikinsu ya binne iyayensa, ya aurar da babbar 'yarsa, furfura ta cinye masa gemu. Bai taɓa fasa ko bulo ɗaya ba, shi ya faɗa, waɗanda ba sa ƙaunarsa ma sun faɗa.

Gwanintar aikin ba ɗagawa ba ce, kowane sakarai zai iya jan liba kaya su tashi. Gwanintar ita ce kashe lilo. In ka ɗauko tan biyu na rodi a bakin doguwar igiyar ƙarfe, ka juya dogon hannun inji ka tsaya, kayan ba sa tsayawa, sai su wuce su dawo, su wuce su dawo. Sabon hannu yakan ja baya don ya tare su, abin ya ƙara ƙamari. Gwani kuwa bin kayan yake. In sun yi dama, sai ya tura hannun inji dama kaɗan daidai lokacin da suka kai ƙarshen tafiyarsu, ya tsaya a kansu, lilo ya mutu nan take. Shaho ba ya tunani kafin ya yi wannan. Jikinsa ke jin lilon tun ido bai gani ba, hannu ya bi da kansa.

Idonsa a ƙasa shi ne Mai Usur, wani gajeren mutum mai ƙatuwar murya, wanda ke ɗaure kaya yana ba da ishara. Shekara tara suna tare, gini biyar. Sau da yawa bango yakan tare Shaho ba ya ganin inda kaya za su sauka, sai dai muryar Mai Usur a oba-oba, 'yar rediyon da ke maƙale a kafaɗarsa: “Sauke, sauke, sannu, tsaya.” Shi kuma Mai Usur yana nan tsaye dab da inda tan biyu zai dira, hannu a miƙe don ya kama gefen kayan, bai taɓa ɗaga kai da fargaba ba. Yakan ce ko matarsa bai yarda da ita kamar yadda ya yarda da hannun Shaho ba.

“Bari in gan ta in gaya mata,” in ji Shaho.

“Gaya mata mana. Ita ma ta fi yarda da kai a kaina.”

Abin ya fara ne da kunnen hagu. Wata 'yar ƙara siririya kamar kukan sauro, ba ta ɗaukewa. Ya ce ƙarar inji ce ta shekaru. Sai ya lura oba-oba ba ta fita sosai a wannan kunnen, ya mayar da ita kafaɗar dama, ya ɗora wa batir laifi. Bayan nan jiri ya zo.

To, a nan ne sabo ya cuce shi, sabo kuwa turken wawa ne. Ba matuƙin ƙugiyar da bai san jiri ba. Injin ba ya tsayawa cak, ko 'yar iska ta kaɗa sai ƙolin ya yi ta rangaji, in ka wuni a ciki ka sauko sai ka ji ƙasa tana tafiya da kai na ɗan lokaci. Jirin sauka suke ce masa, da shi ake yi wa sababbin hannu tsiya. Saboda haka ranar da hanya ta karkace wa Shaho yana tafiya gida, sai ya ce jirin sauka ne, tsufa ya sa ya daɗe bai sake shi ba. Bai tambayi kansa ba me zai sa jirin sauka ya same shi ranar hutu, da sassafe, yana tsugune yana ɗaure takalmi.

Matarsa Malama tana koyar da 'yan aji uku, kuma ta saba gane wanda bai yi aikin gida ba tun daga yadda ya shigo aji. Ta ga yana bin bango daga ɗaki zuwa banɗaki. Ta ga in ya ɗago daga sujada sai ya dafa ƙasa ya jira. Ta ji shi yana amai da asuba, ya saki famfo don kada a ji.

“Baban yara, lafiyarka kuwa?”

“Lafiya lau. Shayin jiya ne ya yi ƙarfi.”

“Shayin ne kuma ya toshe maka kunne? Sau uku ina magana ta wannan gefen.”

“Ai kin san maganarki, Malama, wanda ya ji ta duka sai ya kurumce. Rabinta nake ɗauka.”

Ta yi dariya don ta ga dariyar yake so, amma ta ce ya je asibiti. Ya ce to, ya tafi kemis. Aka auna jininsa aka ce bai hau ba, aka ba shi ƙwayar jiri da maganin ƙarin jini, ya dawo ya dire su a kan tebur inda za ta gani.

Ba tsoron allura ya hana shi asibiti ba. Ƙa'idar aikin ya sani: matuƙin da aka rubuta wa jiri a takarda ya gama hawa tsani har abada. Ya ga yadda tsohon da ya koya masa aiki ya ƙare, a kan benci a bakin ƙofar gini, yana rubuta lambar motocin da ke shiga, yana ɗaga kai duk sanda ƙugiya ta juya. Shaho shekararsa hamsin da ɗaya, kuma ba abin da ya iya a ƙasa. Da lokacin gwajin shekara ya zo, aka duba idonsa, aka auna jini, ma'aikaciyar ta karanto daga takarda, “Kana jin jiri ko suma?” Ya dube ta ido cikin ido ya ce a'a. Ya fito da takardarsa mai hatimi yana jin kunyar kansa.

Daga nan rayuwarsa ta koma dabara. Ya daina juya kai, sai ya juya jiki gaba ɗaya. Ya daina leƙa gilashin ƙarƙashin ƙafa sai dole. Ya riƙa riga kowa zuwa don kada a gan shi yana hutawa a tsakiyar tsani, goshi jingine da ƙarfe. Hawan da yake yi a minti goma ya koma ashirin da biyar. Sauka ta fi muni, don dole mutum ya san inda ƙafarsa take, shi kuwa ƙafar hagu ta fara yi masa gardama. In an tashi daga aiki sai ya zauna a akurki yana jan lokaci, wai gilashi yake gogewa, alhali tsanin yake tsoro. Da safe tsoron hawa, da yamma tsoron sauka, a gida tsoron idon Malama. Gaba kura, baya siyaki. Wurin da ya fi so a duniya ya zame masa kurkuku, kuma mabuɗin yana aljihunsa.

Sau biyu ya shirya gaya wa Mai Usur. Na biyun har ya buɗe baki, suna wanke hannu a bakin famfo, sai Mai Usur ya riga shi: “Shaho, ka rame fa. Ko Malama ta fara ba ka abinci bisa makin da ka ci?” Aka yi dariya, maganar ta koma ciki. Kowace safiya yakan ce wa kansa yau dai kaɗai, bari a gama ginin wannan hawan. In an gama sai a fara na gaba.

Ranar da asiri ya tonu babu iska ko ta magani. Tutar da ke kan ginin ta langaɓe, na'urar auna iska tana nuna sifiri. Da hantsi ne, yana kai damin rodi hawa na takwas, inda Mai Usur da kafintoci huɗu ke jira. Kayan suka iso suka tsaya cak a saman kawunansu.

“Daidai,” in ji Mai Usur a oba-oba. “Sauke sannu.”

Sai Shaho ya ji kayan sun yi dama. Ya ji su sarai, a cikinsa da gadon bayansa, kamar yadda ya saba ji shekara ashirin da uku, hannunsa kuma ya bi. Amma kayan ba su motsa ba, kansa ne ya tafi. Hannun inji ya zabura dama, ya fizgi rodin da ke zaune lafiya, ya ba shi lilo na gaske. Duniya ta juyo masa hagu, hannu ya sake bi. Kafin ka ce kwabo tan biyu na ƙarfe yana shara a kan bene, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ji usur, doguwar busa ba ƙaƙƙautawa, ya ji ihu a kafaɗarsa: “Tsaya! Shaho, tsaya! Me kake bi?” Bakin rodin ya daki katakan da aka kafa don zuba kankare, suka tarwatse. Kafintoci suka zube ruf da ciki. Hular kwanon Mai Usur ta tashi ta yi ƙasa, hawa takwas.

Shaho ya danna jan maɓallin tsayar da inji, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, don har yanzu suna son su bi. Ya runtse ido. Akurkin yana ta juyawa da shi, zufa tana bin bayansa, bakinsa na ta innalillahi. An daɗe kafin lilon ya mutu don kansa.

Oba-oba ta yi ƙara. Mai Usur ne, yana haki.

“Kowa lafiya. Ba wanda ya ji ciwo, ka ji? Shaho, iska ce ta buge ka a sama? Ko birki ne ya saki? Faɗa mini abin da zan gaya wa injiniya, ga shi nan yana hawowa.”

Allah sarki, amini. Ƙofa ce ya buɗe masa. In ya ce birki, makanikai za su kwana biyu suna kwakkwance injin, su canja abin da bai lalace ba, ya koma kujerarsa ba wanda ya sani. Kalmar tana kan harshensa. Sai ya buɗe ido ya leƙa gilashin ƙafa, ya hango tsakiyar kan Mai Usur, sanƙo yana ƙyalli a rana, ba hula. Shekara tara yana duban mutumin nan daga sama bai taɓa ganin kansa a buɗe ba.

“Ba iska, ba birki,” ya ce. “Ni ne. Kaina ne yake juyawa. Kuma ba zan iya saukowa ba.”

Awa biyu ya yi a akurki yana jira, rana tana dukan gilashi. 'Yan kwana-kwana aka kira. Biyu suka hau, suka ɗaure shi da igiya a ƙugu, ɗaya a sama yana sassauta masa, ɗaya a ƙasa yana kama ƙafarsa yana ɗora ta a matakala. Aikin ginin ya tsaya gaba ɗaya, mutum kusan ɗari sun ɗaga kai, ba mai tari. Wanda ya ce musu kaji ne ake saukowa da shi kamar buhu. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ji ya yi da ma ta tsage ya shige.

A asibiti likita ta sa shi ya haɗe ƙafafu ya rufe ido, ya tafi hagu sai da aka tare shi. Ta sa ya taɓa hancinsa da ɗan yatsa, ta gwada kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rubuta a yi masa hoton kai. Aka kwantar da shi aka tura shi cikin wani bututun inji mai ƙara, aka ce kada ya motsa. Ya ce a ransa, wani akurkin ke nan, wannan ma ko gilashi babu.

Washegari ta nuna musu hoton kan nasa, shi da Malama. Wani farin dunƙule ne a bayan kunnen hagu, girman lemun tsami. Ta ce ƙari ne ya fito a jijiyar da ke kai ji da daidaiton tsayuwa, ya girma har ya fara danne ƙwaƙwalwa.

“Yawancin masu jiri ba wannan ke damunsu ba, Baba,” in ji ta. “Kunne ne, ko jini, ko gajiya. Amma jirin da ya ƙi tafiya, ga kunne ɗaya yana mutuwa, ga ciwon kai da amai da safe, wannan ba na kemis ba ne. Tun yaushe kake jin sa?”

“Wata biyu,” ya ce.

Malama ta juyo ta dube shi. “Ni dai takwas na ƙirga, likita.”

Likita ta rubuta abin da ta rubuta. Ta ce an gode Allah ba irin mai yaɗuwa ba ne, amma da tun yana ƙarami aka gan shi, da aikin bai kai haka ba. Aka yi masa tiyata, aka cire. Kunnen ya tafi ke nan. Gefen fuskarsa na hagu ya saki, in ya sha shayi sai ya zubo ta gefen baki, Malama ta miƙo masa ƙyalle ba tare da ta kalle shi ba, don kada ya ji kunya.

Mako biyar bayan sallamarsa Mai Usur ya zo gida da lemo a leda. Ba zuwansa na farko ba ne, tun a asibiti yake zarya. Ya zauna ta gefen dama ya ba da labarin gini: an kai hawa na goma, an kawo wani sabon matuƙi wanda in ya ɗauko kaya kowa sai ya nemi bango.

“Wallahi har injiniya ya koyi gudu. Ka ga tumbin nan nasa? Ya fara zubewa.”

Shaho ya yi dariya da rabin fuska. Malama ta ajiye musu ruwa ta koma ciki. Mai Usur ya ɗauki lemo ɗaya yana ɓarewa a hankali, dariyar ta bar fuskarsa.

“Shaho, akwai tambayar da ta hana ni sakat. Ba injiniya ya aiko ni ba, ni ne. Tun yaushe?”

Shaho ya yi wa ma'aikaciyar gwaji ƙarya, ya yi wa likita, ya yi wa matar da ta haifa masa 'ya'ya biyar. Ya duba cikinsa ko da sauran wata, ya tarar ta ƙare.

“Wata goma sha huɗu.”

Mai Usur ya ajiye lemon a gwiwarsa. Ya shiga lanƙwasa yatsu yana ƙirgawa baya, leɓensa na motsi, ya gama hannu biyu ya sake farawa.

“Autata watanta goma sha ɗaya,” ya ce. “Ranar da aka haife ta, daga asibiti na wuto wurin aiki. Ina tsaye a ƙarƙashin kayanka na ba ka labari a oba-oba. Ka ce Allah ya raya.”

Shaho ya tuna ranar. Sau shida ya huta a tsani kafin ya kai sama.

“Na ce.”

“Ka ce.”

Daga ciki ana jin Malama tana wanke kwanuka.

“Ka yafe mini,” in ji Shaho. Muryar ta fito a karkace kamar bakin.

Mai Usur ya ƙarasa ɓare lemon, ya raba shi, ya kama hannun Shaho ya zuba masa a tafi.

“Ciwo ba kai ka ɗora wa kanka ba, wannan na Allah ne. Shirun ne naka. Zan yafe, in Allah ya yarda zan yafe. Amma ba yau ba, kada in yi maka ƙarya.”

Ya miƙe ya kakkaɓe ɓawon daga rigarsa, ya ɗaga murya ya yi wa Malama sallama, ya ce zai leƙo ranar Asabar. Shaho ya yunƙura don ya raka shi ko bakin ƙofa ne. Ɗakin ya karkata, ya dafa bango, lemon ya zube a ƙasa. Ya koma ya zauna, ya juya kunnen dama wajen ƙofa yana sauraron takun Mai Usur har ya daina ji.